Kula da Tushen Rubutun Linux da Gyaransa, da Rabon Harshen Hausa a Cikin Aikin

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya shiga kasuwa a Kafur, ko Malumfashi, ko Funtuwa a lokacin kaka, zai tarar dillalan hatsi ba su yanke farashin buhun masara ko na waken suya sai sun duba waya. Da ita suke jin yadda kasuwar Dawanau ta tashi, da ita kuma ake biyan kuɗi a sallami manomi. Mafi yawan manyan wayoyin nan na shafawa, irin su Tecno da Itel da Infinix, suna tafiya ne a kan tsarin Android, shi kuwa Android an ɗora shi a kan wata manhaja da ake kira Linux. Ke nan manomin Gozaki ko na Mahuta yana yawo da Linux a aljihu, ko da bai taɓa jin sunansa ba.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake kula da rubutun da aka gina Linux da shi, da yadda ake gano kuskure a cikinsa a gyara, da hanyar da gyaran yake bi kafin ya iso hannun mai waya. Abin da ake son nunawa shi ne, ƙirƙiro manhaja ƙaramin aiki ne in an gwada shi da renonta, kuma renon ya dogara ne a kan mutane sanannu waɗanda kowannensu ya ɗauki nauyin wani sashe. Daga ƙarshe za a duba sashen da ya shafi harshen Hausa, domin shi ma yana bukatar mai reno.

2.0 Tushen Rubutu da Ma'anar Buɗe Shi

Kwamfuta ba ta jin komai sai lambobi biyu, 0 da 1. Ɗan'adam kuwa ba ya iya rubuta dogon umurni da su, saboda haka yakan yi rubutunsa da wani harshe na musamman mai tsauraran ƙa'idoji, sa'an nan wata manhaja mai aikin tafinta ta juya shi zuwa lambobin. Rubutun farko, wanda mutum zai iya karantawa ya gyara, shi za a riƙa kira tushen rubutu a nan. Mafi yawan na Linux da harshen C aka yi shi, wanda Dennis Ritchie ya tsara a ɗakunan binciken Bell na Amurka wajen 1972.

A cikin kowace na'ura akwai babbar manhaja wadda sauran duk suke ƙarƙashinta. Ita ke raba wa kowace ƙaramar manhaja lokacinta da wurin ajiyarta, ita ke magana da allo da batir da kyamara. Cibiyar wannan babbar manhaja ana kwatanta ta da ƙwayar gyaɗa a cikin ɓawo, don haka za a kira ta ƙwaya. Linux, a haƙiƙanin ma'anarsa, sunan ƙwayar ne kaɗai. Sai an haɗa ta da ɗaruruwan wasu manhajoji na wasu mutane dabam sa'an nan ake samun cikakken tsari irin Debian ko Fedora ko Android.

Bambancin rufaffen tushe da buɗaɗɗe ba baƙon abu ba ne ga manomin wannan yanki. Tun daga 1975, lokacin da aka fara Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, masara ta zama babban amfanin gona a nan, manoma kuma suka san iri biyu. Akwai irin da mutum zai zaɓi zangarniya mai kyau ya ajiye, ya shuka baɗi, ya ba maƙwabcinsa. Akwai kuma irin aure na kamfani, wanda in aka sake shuka 'ya'yansa yabanya ba ta fitowa daidai, dole a koma a saya, domin iyayen irin suna hannun kamfani. Rufaffiyar manhaja kamar iri na biyu take: ana ba mutum lambobin da na'ura za ta yi aiki da su, tushen kuwa yana kulle. Buɗaɗɗiya kamar na farko take. Sai dai manomi ya san wani abu kuma, watau irin da ake ajiyewa yakan gauraye ya lalace in ba a sami mai tsince bara-gurbi kowace shekara ba.

A 1983 Richard Stallman ya shelanta shirin GNU, na gina cikakken tsari wanda kowa zai iya karantawa ya sāke, a 1989 kuma ya fito da lasisin GPL. Sharaɗin lasisin shi ne, kowa yana da ikon amfani da manhajar, da nazarinta, da gyara ta, da rarraba ta, amma duk wanda ya rarraba abin da ya gyara wajibi ne ya ba da tushen gyaran nasa bisa sharaɗi guda. Ranar 25 ga Agusta, 1991, wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya sanar da cewa yana rubuta ƙwaya don sha'awa kawai. Bugun farko bai wuce layi 10,000 da 'yan kai ba. A 1992 ya sa shi ƙarƙashin GPL, a 1994 bugu na 1.0 ya fito da layi kusan 176,000, a farkon 2025 kuwa rubutun ya haura layi miliyan 40. Fiye da rabinsa sassa ne masu koya wa ƙwaya yadda za ta yi magana da wani kayan na'ura na musamman, waɗanda ma'aikata ke kira direbobi.

Akwai wani ruɗani da ya kamata masu fassara su guje masa. Turanci yana da kalma ɗaya ga abin da ba a biya ba da abin da ba a ɗaure ba, shi ya sa wasu ke cewa "manhajar kyauta". Hausa ta raba kyauta da 'yanci, kuma na biyun ake nufi. Mafi yawan masu aikin Linux a yau ma'aikata ne masu albashi a kamfanoni irin su Intel da Google da Red Hat da AMD. Gayya ce, amma yawancin waɗanda suka zo gayyar wani ne ya aiko su, don yana da rabo a gonar.

3.0 Sarƙar Masu Kula

Ba mutumin da zai iya riƙe layi miliyan 40 a kansa. Saboda haka an yanka rubutun sashe-sashe, kowane sashe da mai kula da shi. A cikin tushen kansa akwai wani dogon fayil mai suna MAINTAINERS, inda aka jera sassan, da sunan mai kula da kowanne, da halin da sashen yake ciki. Wani an ce ana biyan mutum albashi don ya kula da shi, wani akwai mai kula na sa kai, wani sai jefi-jefi ake taɓa shi, wani kuwa an rubuta masa kalmar da ke nufin maraya, watau ba shi da kowa. Sashen da ya daɗe cikin maraici, ba mai amfani da shi da ya fito ya yi magana, ƙarshensa a cire shi. Haka nan ake cire abin da zamaninsa ya wuce. A ƙarshen 2012 aka fitar da sashen da ke kula da na'urar Intel 386, wadda a kanta Torvalds ya fara aikin.

Gyara yana zuwa ne a siffar abin da ake kira faci, kalmar da Bahaushe ya riga ya sani wajen mai gyaran taya. Faci ɗan gajeren rubutu ne mai nuna layin da za a cire da wanda za a sa, tare da bayanin dalili. Ƙa'ida ita ce faci ɗaya, matsala ɗaya. Wanda ya haɗa gyara uku a faci guda za a mayar masa ya rarraba, domin in ɗaya ya ɓaci a iya zare shi ba tare da an taɓa sauran ba. Ana aika facin a fili ga mai kula da sashen da sauran masana, su karanta, su yi suka. Ba abin mamaki ba ne a mayar da faci sau biyar ko goma kafin ya karɓu, wani lokaci saboda kuskuren tunani, wani lokaci saboda bayanin dalilin bai fito sarai ba. Idan mai kula ya gamsu sai ya ɗauka ya haɗa da wasu, ya miƙa wa na sama da shi, har a kai ga Torvalds.

A ƙarshen kowane faci akwai layin sa hannu. Marubucinsa zai sa sunansa, yana shaida cewa yana da ikon bayar da rubutun, duk wanda facin ya bi ta hannunsa shi ma ya ƙara nasa. Akwai kuma layin wanda ya duba, da wanda ya gwada, da wanda ya kawo rahoton matsalar. An kafa wannan al'ada a 2004, bayan da kamfanin SCO ya kai IBM ƙara a 2003 yana da'awar an saci rubutunsa an zuba cikin Linux. Masu nazarin tsofaffin littattafan Larabci da na ajami a Katsina da Kano za su ga abin da suka saba da shi. Mai kwafe littafi yakan sa sunansa a ƙarshe, a yi muƙabala da uwar littafin, a rubuta gyara a gefen shafi da alamar inganci, malami kuma ya ba da ijaza mai jera waɗanda karatun ya biyo ta hannunsu. Manufar ɗaya ce: in an sami ɓaraka a san wanda za a tambaya.

Abin da ke riƙe da wannan tarihi wata manhaja ce mai suna Git, wadda Torvalds ya rubuta a watan Afrilun 2005, bayan da aka janye wa masu Linux izinin amfani da BitKeeper, rufaffiyar manhajar da suke ajiya da ita. Git yana ba kowane canji wata lamba mai alamomi 40, wadda ake lissafo ta daga abin da ke cikin canjin da kuma lambar canjin da ya gabace shi. Saboda haka wanda ya koma baya ya sāke harafi ɗaya a ɓoye, lambobin duk abin da ya biyo baya za su canza, asirinsa ya tonu. Har wa yau kowane ma'aikaci yana da cikakken kwafin tarihin a na'urarsa, ba wani ɗaki guda da in ya ƙone an yi hasarar komai.

Aikin yana da lokutansa kamar na noma. Da zarar sabon bugu ya fito, sai a buɗe ƙofa mako 2, masu kula su miƙo sabbin abubuwan da suka tara. Daga nan a rufe, ba a karɓar komai sai gyara. Kowane mako, galibi ranar Lahadi, Torvalds yakan fitar da bugun gwaji, har 7, wani lokaci 8, sa'an nan bugun ya tabbata. Ke nan duk mako 9 ko 10 ana samun sabon Linux, ɗauke da canji sama da 10,000 daga hannun mutum wajen 2,000.

4.0 Gano Kuskure da Tafiyar Gyara

Babbar dokar Torvalds ita ce, abin da yake aiki jiya kada sabon bugu ya hana shi aiki yau. In wani faci ya karya manhajar da mutane ke amfani da ita, laifin na facin ne, ko da manhajar ce ta dogara ga wani tsohon kuskure, kuma za a zare shi in ba a sami mafita da wuri ba. Wannan doka tana ɓata wa masana rai, don tana tilasta musu zama da gine-ginen da suka san karkatattu ne, amma ita ce ta sa bankuna da kamfanonin waya suke yarda su sabunta.

To, yaya ake gane facin da ya jawo matsala a cikin dubbai? Dabarar mai sauƙi ce, irin ta ɗan kasuwar da lissafinsa ya ƙi daidaita a ƙarshen shekara alhali a farkonta daidai yake. Ba zai bi shafi-shafi ba. Zai buɗe tsakiyar littafin: in lissafi daidai yake a nan, ɓarnar tana gaba, in ba daidai ba, tana baya. Sai ya sake raba rabin da ya rage. Git yana yin haka da kansa, aikin mutum shi ne ya gwada kowane bugun da aka ba shi ya ce mai kyau ne ko mara kyau. A cikin canji 16,000, gwaji 14 ya isa a kama mai laifi. Abin lura a nan shi ne, mai yin wannan gwaji ba dole ne ya iya harshen C ba. Abin da ake bukata gare shi na'urar da matsalar ke bayyana a kanta, da haƙuri.

Wasu kurakuran kuwa sukan kwanta shekara da shekaru. Misali sananne shi ne wanda aka gyara a watan Oktoban 2016, aka yi masa laƙabi da Dirty COW. Don tsimin wurin ajiya, in manhajoji biyu suna karanta abu ɗaya, ƙwaya takan bar su su duba shafi guda, sai ɗayarsu ta zo yin rubutu sa'an nan a yi mata kwafinta. Aka tarar cewa in aka jero wasu umurni biyu da sauri ƙwarai, suna rige-rige, akan sami ɗan lokacin da rubutun ke sauka a kan uwar shafin maimakon kwafin. Ta haka ƙaramar manhaja mara izini za ta iya sāke fayilolin da ke tsare na'urar, ta mallake ta. Torvalds da kansa ya bayyana cewa ya taɓa yunƙurin toshe wannan kafa shekara 11 kafin nan, amma aka zare gyaran saboda ya kawo cikas ga wasu manyan na'urorin IBM. Gyaran na 2016 'yan layuka ne kawai.

Sai dai gyara a hannun Torvalds ba gyara ba ne a Kafur. Daga gare shi facin zai tafi ga masu kula da tsayayyun bugu, ƙarƙashin Greg Kroah-Hartman, waɗanda aikinsu shi ne mayar da sabon gyara cikin tsofaffin bugun da har yanzu ake amfani da su, kuma ba su karɓar faci sai ya riga ya shiga babban tushe. Daga nan Google ya ɗauka ya sa a ƙwayar Android, masu ƙera ƙwaƙwalwar waya irin su MediaTek da Qualcomm su ɗauka su haɗa da direbobinsu, kamfanin waya ya ɗauka ya gwada, sa'an nan ya aiko da saƙon sabuntawa. A kowace gaɓa sarƙar tana iya tsinkewa. Waya mai araha ba ta daɗewa ana aiko mata da gyara, ga shi kuma a nan waya takan yi hannu biyu ko uku kafin ta mutu. Ko da saƙon ya iso, mai wayar yana iya ƙin karɓa don tsoron ƙarewar data. Saboda haka akwai wayoyi masu yawa da ake tura kuɗi da su alhali suna ɗauke da kafofin da aka toshe a tushe tun shekarun baya. Daga Android 12 na 2021 Google ya fara raba ƙwaya da direbobin kamfanoni, don a iya sabunta ta ita kaɗai, abin da ya rage tsawon sarƙar ga sababbin wayoyi.

Nauyin riƙe tsofaffin bugu ba ƙarami ba ne. A 2017 an ƙara wa'adin kula da bugun dogon zango zuwa shekara 6, a 2023 kuma aka sanar za a koma shekara 2, domin aikin ya yi wa masu kula yawa.

5.0 Amana

Tun da kowa yana iya aiko da faci, tambayar da ke biyo baya ita ce ta mugun nufi. A watan Afrilun 2021 Kroah-Hartman ya dakatar da karɓar faci daga Jami'ar Minesota ta Amurka, bayan da ta bayyana cewa wasu masu bincike a can sun aiko da faci masu ɓoyayyen aibi don su gwada ko za a gane, ba tare da sun nemi yardar kowa ba. Aka koma aka sake duba abin da jami'ar ta taɓa aikowa, masu binciken suka nemi gafara suka janye maƙalarsu.

Wanda ya fi wannan muni ya faru a 2024, ga wata ƙaramar manhajar matse fayil mai suna xz, wadda ba ta cikin ƙwaya amma kusan kowane tsarin Linux yana ɗauke da ita. Mutum ɗaya ne ya yi shekaru yana kula da ita ba albashi, har ya gaji. Sai wani mai amfani da sunan Jia Tan ya fara taimaka masa tun 2021, yana aiko da gyare-gyare na gaskiya, wasu sunaye kuma suna ta matsa wa mai kula lamba cewa aiki ba ya tafiya, ya nemi mataimaki. Da Jia Tan ya sami amana, sai ya dasa wata ɓoyayyiyar ƙofa a bugu na 5.6.0 da 5.6.1, wadda za ta ba shi ikon shiga na'urori daga nesa. Wani injiniya, Andres Freund, ya lura cewa shiga na'urarsa ta gwaji ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi, ya tona abin ranar 29 ga Maris, 2024, kafin ya kai ga tsayayyun bugun manyan tsare-tsare. Wasu sukan kawo wannan labari hujjar cewa buɗaɗɗen tushe yana kare kansa, tun da an iya dubawa an gani. Akwai gaskiya a ciki, amma rabi ce. Rubutun yana buɗe makonni ba wanda ya karanta, kuma ɓarawon ta ƙofar gajiyar mai kula ya shigo.

6.0 Rabon Hausa

Ƙwayar Linux ba ruwanta da harshe. Abin da ya shafi Hausa yana cikin manhajojin da ke kewaye da ita, kuma su ma bisa tsarin faci da mai kula suke tafiya.

Mataki na farko lambar harafi ne. Haruffa masu ƙugiya, waɗanda suka zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, suna da lambobinsu a ma'aunin Unicode tun farkon shekarun 1990: ɓ tana U+0253, ɗ tana U+0257, ƙ tana U+0199, sai ƴ ta Nijar a U+01B4. Ajami ya jira fiye da haka. A 2016 aka ƙara fa'un da ƙafun da nunun irin na rubutun Warshu, a 2020 kuma aka ƙara wasu haruffa don Hausa da Wolof. Lamba kaɗai ba ta isa ba, sai an sami zanen harafi da madannin buga shi. A tarin madannai na xkeyboard-config, wanda tsare-tsaren Linux na kwamfuta ke amfani da shi, akwai shimfiɗar Hausa a ƙarƙashin Nijeriya da kuma Gana, ƙungiyar SIL kuma ta fitar da zanen ajami mai suna Alkalami bisa salon rubutun Kano, da buɗaɗɗen lasisi.

Mataki na biyu shi ne fayil ɗin al'adun harshe, mai gaya wa na'ura sunayen ranaku da watanni, da alamar naira, da yadda ake jera kalmomi. Na Hausa, mai suna ha_NG, ya shiga taskar glibc ta GNU a 2007 tare da na Yarbanci da Ibo, kuma sunan da ke samansa na wani Bature ne ma'aikacin kamfanin Mandriva na Faransa. Android kuwa yana ɗaukar irin wannan bayani daga taskar CLDR ta Unicode, inda ake da Hausar Nijeriya da ta Nijar da ta Gana. Jerin kalmomi ya isa misali. In na'ura ta bi lambobin haruffa kawai, "ƙasa" da "ɗaki" za su faɗa bayan "zuma", domin lambobinsu sun fi na z girma. Ƙa'idar da ke cikin CLDR ta sa ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k, ta ɗauki sh da ts a matsayin haruffa masu zaman kansu bayan s da t. Wannan hukunci ne na ilmin harshe, wanda zai shafi jerin sunayen ɗalibai da ƙamus da fihirisa. Haka nan zaɓi tsakanin Jumma'a da Juma'a, ko Fabrairu da Faburairu: duk wanda aka sa a fayil, shi miliyoyin mutane za su riƙa gani a allo kullum, ya fi kowane littafin makaranta yaɗuwa.

Hausa ta sha taron daidaita rubutu, daga Hukumar Harshen Hausa ta 1955 zuwa taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980. Amma matsayar taro ba ta shiga na'ura sai wani ya mayar da ita faci, ya kare ta gaban mai kula, ya dawo bayan shekara ya ga ko tana nan. A tsakiyar shekarun 2000 an fitar da wani tsari a Nijeriya mai suna Wazobia Linux, da Hausa da Yarbanci da Ibo, daga baya ya daina fitowa. Irin wannan ƙarshe yana jiran duk aikin da aka ware gefe guda. Fassara ma tana tsufa, domin kowane sabon bugu yana zuwa da sababbin jimloli, abin da aka fassara cikakke bana baɗi ya zama rabi Hausa rabi Turanci. Abin da aka shigar cikin babban tushe kuwa, kamar ha_NG, yana bin kowane bugu, ko da yake kuskurensa ma yana binsa har sai wani mai jin harshen ya yi magana.

Matsalar da ta fi bukatar masana a yanzu ita ce ta alhamza. A "ma'ana" da "sa'a" wannan alama baƙi ce cikakkiya, amma madannai suna buga ta da lambobi uku dabam-dabam: U+0027 ta tsohuwar tafireta, da U+2019 wadda alamar rufe zance ce, da U+02BC wadda ita kaɗai Unicode ya lissafa a matsayin harafi. Ido ba ya bambance su sosai, na'ura kuwa tana bambancewa. Saboda haka mai neman "jami'a" a cikin kundi yana iya rasa rabin wuraren da kalmar ta fito, manhajar ƙirga kalmomi tana iya yar da alamar farkon "'yan" ta ɗauka ta zance ce, wata kuma ta juya ta ta koma alamar buɗe zance. Malamin Hausa a makarantar sakandare ta Kafur, ko ɗalibin digiri na biyu a Zariya ko Katsina, yana iya kai rahoton wannan ba tare da ya san harshen C ba. Rahoton da masu kula ke ɗauka da muhimmanci yana faɗin sunan manhaja da lambar bugunta, da ainihin abin da aka buga, da abin da ya fito, da abin da ya kamata ya fito, sa'an nan ya kawo hujja daga ƙamus ko ƙa'idar rubutu da aka amince da ita. Taskar CLDR takan buɗe lokacin karɓar bayanai kowace shekara, inda wakilan kowane harshe ke kawo gyara su jefa ƙuri'a a kansa, kuma jami'o'i da hukumomin harshe suna iya neman a ba su wakilci a ciki.